Ludayi Ɗaya a Zauren Baffa

Yayana bai taɓa yi wa kowa allura ba, amma duk unguwarmu ta Limawa Likita ake ce masa. Aikinsa a ɗakin bincike yake, a wata jami'a can kudu, yana bin diddigin yadda ƙwayar ƙanjamau ke shiga jikin mutum ta ɓuya a cikin jininsa. A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci, ko sunan cutar mutanen Dutse ba sa son furtawa. Duk zuwan da zai yi gida sai a ware masa kwanonsa daban, wai girmamawa ce. Ya gane sarai, har ya ce mini in haka za a ci gaba, zai daina zuwa.

Da masana suka ba shi lambar yabo kan binciken nan, rediyo ya faɗa, Baffa, wan mahaifinmu, ya tara dattawan unguwa a zaurensa. Mu asalinmu makiyaya ne, ba ma karrama mutum da lemo. Fura da nono ake damawa a ƙwarya, ludayi ɗaya ya zagaya, daga wanda ake karramawa sai babba, a bi shekaru har ƙasa.

Yaya ya sha, ya miƙa ludayin. Ba wanda ya miƙo hannu ya karɓa. Ni ina can ƙarshen layi raina na tafasa, don na san babu abin da ke jikin ludayin nan sai nono, amma ba ni da ikon tsallake manya. Wani maƙwabcinmu da na gani da goro a baki ɗazu ya ce shi azumin nafila yake yi.

Baffa ya karɓi ludayin ya juya shi a hannu.

“Ɗana, an ce duk ƙasar nan kana cikin waɗanda suka fi sanin abin nan. In sha?”

“Sha, Baffa. Ba ta nan take bi ba, kuma ni lafiyata ƙalau.”

“Ban tambaye ka lafiyarka ba,” in ji Baffa. Ya cika ludayin ya shanye, ya ƙara, sannan ya miƙa wa liman.

Liman ya yi bismilla ya sha. Ludayin ya bi layi har ya iso gare ni. Na ɗaga kai in yi wa Yaya tsiya, sai na ga ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin babbar rigarsa.