Gaisuwar da Ta Maƙale a Tashar Ƙonni

Wata mata tana zaune kan akwatin ƙarfe, ƙaramin gicciye a wuyanta, furfura na leƙowa ta ƙasan kallabi. Ina jin ungozoma ce a asibitin mishan na Galmi. Wani dattijo mai goro yana gaishe ta.

"Ina maigida?"

Kowa ya san amsar "lahiya lau" ce, ko maigidan na kwance. Ita kuwa ba ta son ƙarya.

"Ban taɓa aure ba, Baba. Ubangiji na riƙe da ni."

Dattijon yana laluben addu'ar da ta dace, amma ba a tanadi ko ɗaya ba. Ni ma, duk da karatuna na lakwal, wato boko, ban samo ba.

"To... Allah shi ba da hanƙuri," in ji dattijon.

"Amin," in ji ta, tana zaɓar goro. "Shi ba mu duka, Baba."