Tukunyar Suna da Ƙanƙarar Zoɓo

Kawuna a Kurfi sana'arshi zubin tukwane. Tsofaffin gwangwanaye da fistin na mota yake narkarwa a bayan gida, ya zuba narkakken cikin akwatin da ya danƙare da ƙasa mai laima, tukunya ta fito fes. Doka ɗaya gare shi: ba a taɓa akwatin sai ya huce don kanshi. Ko kaza ta matso kusa sai ta sha jifa.

Lokacin ina karatu a Dutsin-Ma, duk ƙarshen mako gidan Kawu nake sauka, don tuwon Inna, matar Kawu, ya fi indomin hostel nesa ba kusa ba. Wata Juma'a na iske gidan a hargitse. 'Yarsu ta haihu, suna ranar Lahadi, babbar tukunyar gidan kuma ta ɓule a gindi. Inna ta rantse ba za ta yi aro ba.

"Matar mai zubin tukwane ta bi maƙwabta aron tukunya? Malam, da wane idon zan kalli surukanmu, matan Tamawa, in sun zo?"

Da safe Kawu ya hura gawayi. Na ɗauko kujera ina kallo, bakina kuma bai iya shiru. Na ba shi labarin abin da aka koya mana a satin: wai in aka sanyaya narkakken ƙarfe da sauri ƙwarai, 'yan ƙwayoyin cikinshi ba su samun damar jeruwa layi-layi, sai su daskare a hargitse kamar gilashi. Kuma ya fi na kullum ƙarfi.

Kawu ya tsaya da fifita.

"Ke 'yar boko, ƙarfe ya zama gilashi? A hango miya daga waje?"

"A'a Kawu, ba a gani ta ciki. Ƙarfi dai. Kuma sai da na'ura, da wani haɗi na musamman, saurin ya fi ƙiftawar ido."

Rabin farkon kawai ya ji. Na gani a idonshi.

Ya zuba, ya yi bisimilla, muka zauna. Can sai ya fara kallon ƙofar gida yana sosa gemu. Ya miƙe kamar zai kama ruwa. Sai ga shi da kular Inna, wadda ta cika da ƙanƙarar da aka kawo daga Dutsin-Ma don zoɓon suna.

"Kawu, dokarka fa?"

"Ni na kafa ta. Riƙe min murfin."

Ya fasa akwatin, tukunya na ta turiri, ya juye ƙanƙara da ruwanta a kai. Wani cuuu ya tashi, tururi ya rufe mu. Sai muka ji ƙas! Da ya washe, ga tsaga tun daga baki har ciki, gefe ɗaya kuma ya karkace kamar hular da aka zauna a kai.

Kawu ya duƙa yana duba ta da gaske.

"To, injiniya, ina gilashin?"

Dariya ta hana ni amsa. Dariyar ce ta fito da Inna. Ta dubi tukunya, ta dubi kula wayam, ta dubi mijinta.

"Malam, tukunyata da ƙanƙarata, duka a tashi ɗaya? Sannu da ƙoƙari."

"Ilimi ne, Hajiya. Bincike muke."

"Gobe sai ka tuƙa wa baƙi tuwon binciken."

Kawu ya miƙe. Ya farfasa tukunyar da guduma, ya mayar da ita wuta, ya sake danƙare akwati. Da ya gama zubi na biyu, Inna ta shimfiɗa tabarma dab da akwatin, ta ɗora muciya kan cinya tana tsince shinkafa. Ni ta kora ni daka yaji. Kawu kuwa, duk sanda ya leƙo sai ta ɗaga muciya ba tare da ta kalle shi ba.

Sai bayan la'asar ta taɓa ƙasar da bayan hannu, ta ce a buɗe. Tukunya ta fito lafiya lau. Kawu ya ƙwanƙwasa ta, ta amsa tangaran.

Ranar Lahadi matan Tamawa suka sha zoɓo da ɗumi, suna ta yaba sabuwar tukunya. Wata ta tambayi Inna ko za ta ara mata in bikin ɗanta ya zo. Inna ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce za ta duba.