Rahab Mai Ƙosai da Gadon Susana

Duk wanda ya yi aiki a injin gurzar auduga na Funtua kafin yaƙin basasa ya ci ƙosan Rahab, ya kuma sha baƙar maganarta. Ni Shafa'atu katanga ɗaya ce ta raba mu, don haka na fi kowa sha. 'Yar gajeruwar mace ce mai faɗan tsiya, ga tari ya ƙi barinta tun rasuwar mijinta Luke. 'Yarta ɗaya, Susana, jikinta na girma amma hankalinta ya tsaya a na 'yar shekara huɗu. Tsoron Rahab ɗaya ne a duniya: in tarin nan ya tafi da ita, wa zai riƙe Susana?

A 1963 ta ji labarin wani gidan mishan can gaba da Malumfashi inda ake riƙon irin waɗannan yara, gado goma sha biyu kacal. Ta hau motar auduga ta je. Akawun wurin, Malam Isaiah, ya rubuta Susana ta talatin da ɗaya a jerin masu jira, ya ce, "Mama, kafin a kira ku ki koya mata wanka da sa riga. Ma'aikatanmu kaɗan ne."

Kai, da ya san wa ya gaya wa! Rahab ta mai da gidanta barikin soja. Tun da safe sai in jiyo ta, "Susana! Bayan kunne fa? Ni zan wanke miki shi a mishan?" Wata shida aka yi ana fama da maɓalli kaɗai. Da riga ta zauna sai aka koma shara, daga shara sai surfen wake. Susana ta taɓa zuba sukari a ƙullun ƙosai, leburori suka cinye tas, har wani yana tambaya ko za a sake yi gobe.

Kowace kaka Rahab sai ta je ta duba lambar Susana a jerin. Ashirin da huɗu. Goma sha bakwai. Ta dawo tana mita, wai yaran can sun ƙi girma ne da gangan.

Shekara huɗu cur, sannan takarda ta zo. Aka yi wa Susana kitso, aka tafi. Babbar nas ɗin wurin ta miƙa wa Susana riga, ta sa. Ta ba ta tsintsiya, ta share ofis har ƙarƙashin kujerar Malam Isaiah, ta ce masa ya ɗaga ƙafa. Sannan ta durƙusa ta gaida kowa.

Nas ta ce, "Mama, kin yi aiki. Amma gado ɗaya ne ya samu, kuma akwai yaron da ko ruwa ba ya iya kai wa bakinsa. Susana ta wuce matakin zama a nan."

An ce Rahab ta buɗe baki za ta yi abin da ta saba, ta hango uwar yaron a bakin ƙofa, ta rufe.

Da la'asar ta shigo gidana riƙe da hannun Susana. Ban taɓa jin muryarta ƙasa haka ba.

Ta ce, "Shafa'atu, ta iya wanka, ta iya surfe. Zama ita kaɗai ne ba ta iya ba, shi kuma na kasa koya mata."

Na ce Susana ta fara kwana wurina ranar Laraba, ta saba da ɗakin.