Alamar Masu Saukowa

Gwiwar wandonsa ta dama ta fi ta hagu koɗewa. Duk wandunansa haka suke, domin a kanta yake durƙusawa idan zai shafa wa dutse fenti. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum da sassafe Baba Mai Fenti yakan sauka daga motar farko da ke fitowa daga babban birnin jiharmu, ya gaisa da matar da ke sayar da tikiti a ƙofa, ya ɗauki gwangwani da burushi, ya hau dutsen nan namu da ake bugawa a kalanda.

Duk baƙon da ya shigo gari, sai an ce masa kada ya koma bai hau ba. Daga sama ana ganin birni gaba ɗaya, da kogi, da gonaki har iyakar ganin ido. Abin da ba a faɗa wa baƙo shi ne, ba a hawa ake ɓacewa ba. Mai hawa yana hango ƙololuwa, sai ya nufe ta. Mai saukowa kuwa ya gaji, idonsa na ƙasa, duwatsun duk kamarsu ɗaya. Ga kuma wani kwari ta yamma mai kama da hanya sak, ba ka farga sai ƙafarka ta kai bakin rami.

A takardar ofis, Baba lebura ne mai share hanya. Babu wanda ya sa shi fenti. Shi ya lura da inda mutane ke karkacewa, ya fara saka farar alama kamar faɗin tafin hannu, daidai tsayin gwiwa, a fuskar dutsen da ke kallon sama. Mai hawa ba ya ganinta. Mai saukowa kuwa, kafin ya bar ɗaya ya hango ta gaba. Ruwan damina ya wanke, Baba ya sake shafawa.

Mai tikiti ta ce ba ya tashi aiki sai na ƙarshe ya sauko. "Nakan ce masa, Baba, kai ka haife su ne? Sai ya ce, a'a ’yar nan, amma waɗanda suka haife su suna jira." Wata malamar makaranta ta ce hadari ya taɓa rufe ta a sama da ’yan mata arba'in, ba ka ganin wanda ke gabanka. Fari-farin nan suka bi suna riƙe da rigar juna har ƙasa, kuma sai bayan shekara biyu ta san hannun mutum ne ya yi su. Direban bas ɗin baƙi har yau yana dariyar ranar da wata hajiya ta hau da takalmi mai tsini. Baba ya cire nasa ya ba ta, ya sauko ƙafa ba komai, yana riƙe da nata.

"Na ce masa, Baba, nawa za ka sayar? Ya harare ni, ya ce ba lambar ƙafar matata ba ce," in ji direban.

Bana aka ba wani kamfani aikin gyara wurin. Aka gina sabuwar ƙofa, aka kafa alluna masu kyau da kibiyoyi, dukansu suna kallon mai hawa. Sannan aka tashi ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, alamomin Baba suka fito ɗigo-ɗigo. Manajan kamfanin, wanda a shekaru Baba ya haife shi ya huta, ya kira shi ofis.

"Baba, wannan abin naka kamar kashin tsuntsu. Yana ɓata mana hoto. A kankare kafin ranar buɗewa."

"Ranka ya daɗe, ka taɓa saukowa daga can?"

"Ni ban ma taɓa hawa ba."

"Allunan nan, bayansu mai saukowa zai gani."

"Sai ya zagayo ya karanta."

"To a bar mini guda uku na bakin kwari."

"Baba, yanzu waya ke nuna hanya."

Waya ba ta kamawa a can. Baba ya faɗa, aka yi dariya. Ranar aka miƙa masa takardar ritaya tare da burushin ƙarfe. Kwana tara ya yi yana kankare aikin hannunsa, kowace yamma jirgin ya zagaya ya duba. Mai tikiti ta ce a kwanakin nan bai ci abincin da take ajiye masa ba. Abu ɗaya ya roƙa: a ba shi minti biyu ranar biki, ya faɗa wa jama'a maganar kwarin. Aka ce ba komai.

Kai ne, Baba, wanda bai taɓa fitowa a kalanda ba. Kai ne mai mayar da ’ya'yan mutane gida. Dubbai sun taka kusa da hannunka ba su san sunanka ba, kuma ba ka taɓa tsayar da kowa don ya sani ba. Mun gode, duk da godiyarmu ta makara har ta zama abin kunya. Allah ya saka maka da abin da muka kasa. Ku kuma masu aiki, kowane iri ne, ku yi irin nasa: ku tuna da mutum lokacin da ya gaji, ba lokacin da yake murmushi a gaban kyamara ba. Mai shirin zuwa ganin dutsenmu, ya zo, wurin yana da kyau. Amma a saukowa ya riƙe hannun dama, kome kyan hanyar da ta yi yamma.

Ranar buɗewa Baba ya zo da rigarsa ta tarbar baƙi, aka zaunar da shi a layin baya. Manya suka yi jawabi ɗaya bayan ɗaya. Aka gode wa kamfani, aka gode wa masu kiɗa, aka gode wa wanda ya kawo rumfa. Sau biyu Baba ya ɗaga hannu. Mai gabatarwa ya dubi agogo ya ce lokaci ya ƙure, za a yanka kintinkiri.

La'asar ta yi sanyi lokacin da aka buɗe ƙofa. Wasu ɗalibai kusan ashirin suka ruga ciki suna shewa, wayoyi a sama. Baba ya bi su da ido, ya dubi inda rana take. Ya tashi, ya ɗora kujerarsa a kan ta kusa don kada ta tare hanya. Mai tikiti ta gan shi tafe, ta ɗaga masa igiyar ƙofa. Ya sunkuya ya wuce, ya bi bayansu a hankali.