Furen Yakuwa a Ɗakin Kunkuru

Kunkurun gidanmu ya girme ni da shekara biyu, kuma Baba bai taɓa bari na manta da haka ba. Wani ɗalibinsa ne ya kawo masa shi daga wajen Kunci, lokacin bai wuce tafin hannu ba. Da na yi wayo na tarar da shi ya kai girman ƙwarya, yanzu kuwa sai mutum biyu ke ɗaga shi. Tun da ya haƙa rami ta ƙarƙashin katanga ya shiga gidan maƙwabta ya cinye musu alayyaho, aka ba shi tsohon ɗakin kakata da ke can ƙarshen gida, aka zuba masa yashi, aka kewaye masa ɗan fili a bakin ƙofa. Ni dai ban taɓa ganin abin so a jikinsa ba. Ba ya gaisuwa, ba ya godiya, ga fuska kamar ta tsohon da aka tasa daga barci.

Da damina ta yi nisa a wata shekara, Baba ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan an sallamo mu daga asibiti, likita ya ja mana kunne cewa lallai ya riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta sandare, daga nan kuma sai kwanciya. Muka yi lallashi, muka yi magiya. Baba mutum ne da ya yi shekara arba'in yana koyar da karatu a zaure yana noma gonarsa, bai taɓa fita ba tare da dalili ba, saboda haka ya ce shi ba zai yi ta zagaya tsakar gida kamar kaza ba. Inna ta yi fushi, ta yi kuka, har ta gaji ta ƙyale shi.

Inna ce ta samo dabarar, kuma ba da niyya ba. Kaka ta shigo, yakuwar da take shukawa a bayan gida ta fara fure, irin mai ruwan ɗorawa-ɗorawa da ja a tsakiya, wanda ke buɗewa da hantsi ya yanƙwane kafin la'asar. Duk duniya ba abin da kunkurun nan yake so kamarsa. Wata safiya ta tsinko guda uku za ta kai masa, Baba ya hango ta daga ƙofar ɗaki ya ce ta kawo, ita ba ta san yadda ake ba shi ba. Wai sai an riƙe furen ta gindi, an jira ya miƙo wuya. Ya ɗauki sanda ya tashi. Taku ashirin da uku ne daga ƙofarsa zuwa ɗakin kunkuru, na ƙirga, kuma ranar sai da ya huta sau huɗu. Bayan wata guda yana zuwa ya dawo ba hutu.

To amma yakuwa ba ta dawwama. Da an cire zoɓo, an saki dabbobi a gonaki, shi ke nan sai baɗi. Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a firamaren garinmu, gidan mijina kuma lungu biyu ne tsakaninsa da gidanmu, don haka na ɗauki abin a kaina. Na samo tsofaffin bokitan fenti guda shida, na huda gindinsu, na cika su da ƙasar gona da takin awaki da ya ruɓe, na shuka iri. A tsakar gida awakin Inna ba za su bar ko tsinke ba, sai na jera bokitan a kan benci a cikin ɗakin kunkurun, inda wuyansa ba zai kai ba. Mijina ya cire kwano biyu daga rufin ya sa na roba mai shigo da haske. Shuka ta fito gwanin sha'awa.

A nan ne ilimin boko ya kai ni ya baro. Na duba a waya na ga an ce shukar cikin ɗaki tana buƙatar ƙarin haske. Ban yi shawara da kowa ba, don ni a ganina me Inna ta sani game da shuka a bokiti? Na ja wayar wuta daga batirin solar gidan, na rataya ƙwan fitila a kan bencin. Kullum in na zo gaida su bayan magariba sai in kunna in ja ƙofa, da safe kafin in wuce makaranta in kashe. Yakuwa ta yi tsawo har ƙirjina, ganye fal, kore shar. Fure kuwa ko ɗaya.

Furen yakuwar Inna ta bayan gida ya ƙare. Kwana biyu Baba ya je da ganye a hannu, rana ta uku ya ce ganye kowa ma zai iya zuba masa, ba sai shi ba. Sanyi kuma ya shigo, ƙafar ta fara yi masa nauyi. Ya fara sallah a zaune a bakin katifa, daga baya alwala ma sai Inna ta kai masa buta da roba har ɗaki. Sandar ta yi mako biyu a jingine a bayan ƙofa. Na tsorata ƙwarai, irin tsoron da ke sa mutum faɗa da kowa. Na yi wa 'yan ajina tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, na yi wa mijina gunaguni a kan rufin da ya yi mini kyauta.

Yakuwar ma ta ɗanɗana kuɗarta a hannuna. Na ƙara mata taki, na ƙara ruwa safe da yamma har ganyen ƙasa suka fara rawaya suna zubewa. Wasu ƙananan ƙwari farare suka taru a bayan ganye. Mijina ya ce a fesa mata maganin da ake fesa wa wake, Inna ta ce sam, abin da dabba za ta ci ba za a sa masa guba ba. Ta zo da kanta ta wanke ganyen ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu, ta barbaɗa toka, ta tura yatsa cikin ƙasar bokitin ta ce in daina ba ta ruwa sai saman ya bushe. Ƙwarin suka ragu, ganye ya daina zuba. Har yanzu dai ba fure.

Wata ranar Asabar da hantsi ina zaune a ɗakin Baba ina matsa masa ƙafa, Inna ta shigo da koko tana mita. Ta ce tun da na rataya fitilar nan a ɗakin kunkuru batir ba ya kai su asuba, kullum da lalube take neman buta. Baba ya ɗago kai ya tambaya wace fitila. Na yi masa bayani dalla-dalla, har da ɗan alfahari, na kawo masa abin da na karanta a waya. Ya saurara har na gama. Sai na ga gefen bakinsa mai lafiya ya motsa, karo na farko a cikin makonni.

“Malama,” ya ce, haka yake kirana in zai tsokane ni, “wanda ya shuka yakuwa da ruwan farko da wanda ya shuka a tsakiyar damina, yaushe tasu take fure?”

Na ce ban sani ba.

“Tare. Ba ta duba tsawonta, dare take jira ya yi tsawo. Ke kuma kin hana ta daren.”

Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi. Shekara nawa ina wucewa ta gonakin mutane ina ganin yakuwa babba da ƙarama suna fure a mako ɗaya, ban taɓa tambayar dalili ba. Inna ta yi dariya har ta ajiye kofin kokon a ƙasa. Na tashi na je na cire ƙwan, na naɗe wayar.

Daga ranar Baba ya koma mai ba da umarni daga kan katifa. Kullum sai ya tambaye ni me na gani a hammatar ganye, wato inda ganye ya haɗu da kara, ya sa na datse kan kowace shuka don ta yi rassa, ya sa na riƙa juya bokitan saboda kowane gefe ya sami rana. Amma bai tashi ba, kuma ni abin da ke cin raina ke nan. Ina ganin ƙafar tana ƙara siririya. Sai da aka yi kusan mako uku kafin na ga 'yan jajayen ƙulle-ƙulle sun fito a jikin kara.

Ranar da furen farko ya buɗe ban je makaranta da wuri ba. Guda ɗaya ne tak, a bokitin da ke kusa da ƙofa. Na miƙa hannu zan tsinka in kai masa ɗaki, sai na fasa. Na je na tsaya a ƙofarsa na ce, “Baba, ya buɗe. Kafin la'asar zai yanƙwane.” Ya dube ni, ya dubi hannuna ya ga ba komai a ciki. Ya gane abin da na yi, na kuma ga ya gane. Sai ya ce Inna ta miƙo masa sanda.

Tafiyar ta fi ta farko wuya. Ina gefensa na dama, Inna na biye da kujera, ya zauna sau shida, gumi na keto masa duk da sanyin safiya. Da muka isa ya tsinki furen da hannun hagu, ya sunkuya da ƙyar ya riƙe shi ta gindi a gaban kunkurun. Shi kuwa gogan yana can kwance a lungu, sanyi ya kashe masa jiki. Ya leƙo da kai, ya dubi furen, ya mayar da kansa ciki. Wallahi da ba don idon Baba ba da na kai masa shuri.

Baba bai damu ba ko kaɗan. Ya ajiye masa furen a kan yashi, ya juya wajen bencin. Sai na ga ya ɗago hannun dama, wanda ya daɗe a kwance a kan cinya, yana rawa, ya kai yatsa kan ƙulle-ƙullen da ba su buɗe ba yana taɓa su ɗaya-ɗaya. Ni da Inna ba wanda ya yi motsi. Ya ƙirga har goma sha ɗaya.

“Wannan na gobe ne, wancan na jibi,” ya ce. Ya dubi Inna. “Ki bar mini sandar nan kusa da katifa.”