Ranar Awon Baya

Lokacin da nake aiki tare da yayana a wani kamfanin matsar man gyaɗa a hanyar Zango, aka kawo ma'aikatan lafiya su auna mu. Manaja ya ce da tsawon mutum da nauyinsa da yadda yake sunkuyawa za su gane wanda ciwon baya ke jira, tun bai kama shi ba. Iyakar bayaninsa ke nan. Mu leburori kuwa muka gama yanke hukunci: korar raunana za a yi.

Yaya ya fara jin bayansa tun damina. Ni kaɗai na sani, don ni nake shafa masa man zafi. Ga gida cike da yara. Safiyar awon ya haɗiyi ƙwayar kashe ciwo, ya ɗaure ƙugu tamau da tsohon rawanin mahaifinmu, ya ɗora riga a kai.

Na ce, "Yaya, ka faɗa musu gaskiya mana."

Ya ce, "Kai dai rufa mini asiri. In aka sallame ni, kai za ka ciyar da su?"

Aka ce ya sunkuya, ya taɓo yatsun ƙafarsa kamar ɗan yaro. Aka ba shi wani ƙarfe ya ja, ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Matar da ke awon ta tambaye shi ko wani wuri na yi masa ciwo, ya ce lafiyarsa ƙalau, alhamdu lillahi. Ni da ko idon sawuna ban iya taɓowa ba, na fito ina jiran sallama.

Ba a kori kowa ba. Mu da awon ya nuna rauninmu aka mayar da mu ɗinkin bakin buhu, a zaune, cikin inuwa. Ƙarfafan aka tura lodin tirela, Yaya a kan gaba. Na roƙe shi ya koma ya faɗa, ya ce da wane ido zai dubi mutane a ce ya yi ƙarya. Har yau in na tuna manajan nan da rowar bakinsa, raina ɓaci yake yi.

Kafin kaka ta wuce, wani buhu ya durƙusar da Yaya a kan katakon hawa mota. A amalanke muka fitar da shi.

Yanzu duk Juma'a ni nake ɗaukar masa kujerar roba zuwa masallaci. In liman ya yi kabbara, sahu duka ya sunkuya, Yaya yana zaune a gefe, kansa kawai yake duƙarwa.