Ragon Alhaji da Yakuwata

A gidan hayarmu na unguwar Briqueterie a Yawunde babu fili, sai ɗan lungu tsakanin ɗakina da bangon kicin. Nan na jera tsofaffin bido tara, wato jarkokin man gyaɗa, da na yanke wa kai, na cika su da jar ƙasa da kashin kaji. Irin yakuwa yayata ta aiko mini daga Garwa, ƙulle a tsumma, daga wanda mahaifiyarmu ta bari. Ba na wahala da shukar. Ruwan Yawunde ke yi mini ban ruwa. In na taso daga ɗinki a kasuwar Mokolo, sai in zauna a benci in tsinke 'yar ciyawa.

Saura kwana goma Babbar Sallah, maƙwabcina, wani Alhaji mai sayar da atamfa, ya sayo rago. Duk faɗin ƙofarsa bai ga wurin ɗaure shi ba sai ƙarfen tagata.

Na ce, "Alhaji, don Allah a ɗan rage igiyar nan."

"Malam tela, noma ka zo yi Yawunde? Yakuwar da ake ba da ita gyara a kasuwa?"

Lokacin na shiga ajin koyon karatu na manya, hannuna bai saba ba, amma na zauna na rubuta a kwali: A KULA DA SHUKA. Alhaji ya ɗaga kwalin gaban masu shan shayi.

"To, sai ka tafi da ragon ajinku, shi ma ya koyi karatu."

Aka kwashe da dariya.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar bido bakwai sun zama tsirara, kan ragon yana cikin na takwas. Na duba igiyar. An ƙara mata tsawo, ga sabon ƙulli a tsakiya. Ban doki ragon ba, dabba ba ta da laifi. Na ɗauko almakashi na datse igiyar, na ja shi na ɗaure a ƙofar mai shi.

Ya fito yana masifa, rabi Hausa rabi Faransanci. "Wa ya taɓa mini dabba?"

"Ni ne. Wa ya ƙara igiya?"

Sai ya ja tsaki.

Ran Sallah da kansa ya kawo mini nama a faranti. "Ga shi, kada a ce na ci haƙƙin manomi."

Naman layya ba a mayarwa. Na karɓa, ban ce na gode ba, na miƙa wa tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin layinmu.

Bido biyun da suka rage na hau da su rufin kicin. Ɗaya ta mutu, ɗaya ta yi 'ya'ya, na samu iri cikin tafin hannu. Har yau sahu ɗaya muke tsayawa da Alhaji, kafaɗa da kafaɗa. Da an sallame, kowa ya ɗauki takalminsa.